Hoto Ɗaya Kowane Mako: Tarken Wata Baƙuwar Al'ada a Kan Ma'aunin Kajiji

Kalmar hoto ba ta daɗe a bakin Bahaushe ba, amma ta riga ta yi 'ya'ya da jikoki. Daga Turanci muka aro ta, sa'an nan muka ɗora mata kayan da ba ta zo da su ba. Zanen da yaro ya yi da gawayi a bango hoto ne, abin da likita ya haska a ƙirjin majinyaci hoto ne, manazarta waƙa kuma sukan yi maganar hoto cikin bayani in mawaƙi ya siffanta abu har mai sauraro ya ji kamar ga shi a gabansa. Har gobe cewa muke za mu kai a wanke mana hoto, ko da kuwa na'urar da za ta buga shi ba ta taɓa ruwa. Amma akwai wata ma'ana mai ɗaci, domin in aka ce wane hoto ne, ko aka ce rijiyar da aka gina wa gari hoto ce, to, ana nufin akwai siffa babu amfani. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba wata al'ada ta masu ɗaukar hoto da ta yaɗu a duniya, watau ta ɗaukar hoto ɗaya kowane mako har shekara ta zagayo, a ga ko abin da take haifarwa hoto ne na ma'anar farko, ko na ta ƙarshe.

Ga yadda abin yake. Mutane sukan haɗu a ƙungiya ta hanyar intanet, a ba su jigo guda a farkon mako, kowa ya fita ya ɗauko hoton da ya dace da jigon, ya gabatar kafin mako ya ƙare. Shahararriya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce 52Frames, wadda Yosef Adest ya fara a 2011, ta kuma tara mutane daga ƙasashe masu yawa. Ranar Lahadi ake rufe karɓa. Sharaɗinta mai ƙarfi shi ne lalle a cikin makon aka ɗauki hoton, ba a yarda mutum ya shiga taskarsa ya zaƙulo tsoho ba. Ana kuma ƙirga wa kowa yawan makwannin da ya jera bai yi fashi ba, har wannan ƙirga ta zama abin alfahari a tsakaninsu. Abin da suka fi tinƙaho da shi kuwa shi ne zumunci, watau babu wulaƙanta ɗan koyo, babu gasar kuɗi, kowa yana ƙarfafa ɗan'uwansa.

Dalilin da ya sa na ɗauki Kajiji ma'auni shi ne, al'adar da aka ce ta kowa da kowa ce, ba a manyan birane ya kamata a gwada ta ba. Kajiji gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, kudu da birnin Shehu, bayan an wuce Boɗinga. A irin wannan gari, kamar sauran takwarorinsa, kyamara ta riga ta shiga aljihun samari a jikin wayar hannu. Kayan aiki ya samu ke nan. Mu ƙaddara wani saurayi a can ya ɗaura niyyar shiga wannan aiki na mako 52, mu bi shi mu ga abin da zai ƙaru da shi da abin da zai tauye shi.

Za a fara da alherin abin, domin yana da shi, ba kaɗan ba. Duk wanda ya san adashi ya san sirrin wannan tsari. Ba yawan abin da ake zubawa ba ne ke tara dukiya, rashin fashin ne, da kunyar da mutum ke ji kada uwar adashi ta aiko yarinya ta tarar bai tanadi zubinsa ba. Haka nan mai hoton mako. Ranar da rai ya so zai fita, ranar da rai bai so ba ma zai fita, domin akwai masu jiransa. Sana'a kuwa ba ta zama a hannun mutum sai ya yi ta a ranar da ba ya sha'awa.

Amma a ganina babban alherin ba a nan yake ba, a wajen zaɓe yake. Masu shagon hoto na da, waɗanda suka yi aiki da fim, sun san tsadar kowane bugu. Ƙwaryar fim ɗaya hoto 36 take ɗauka in ta yi yawa, wata ma 12, sai an wanke dodon hoton kafin a san abin da aka samu. Saboda haka mai hoto yakan tsaya ya gyara wa mutum hula, ya juya shi wajen haske, ya jira yaron da ke giftawa ya wuce, kafin ya danna. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, sau da yawa bugu ɗaya tak yake yi wa mai zuwa, da hasken rana a tsakar gida, ga shi kuwa yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Wayar hannu ta kawar da wannan tsada, ta kuma tafi da natsuwar da tsadar ke koyarwa. Saurayi yakan ɗauki hoto 200 a wajen biki ɗaya, bai tsaya ya dubi ko ɗaya da idon basira ba. To, in aka ce masa ɗaya kaɗai za ka kawo, an tilasta masa ya zauna ya jera su, ya tambayi kansa me ya sa wannan ya fi wancan. Wannan zama shi ne makarantar. Da a ce tsarin bai koyar da kome ba sai wannan, da ya ci kuɗin sabulunsa.

Inda na fara rabuwa da tsarin shi ne wajen jerin jigogin. Wannan mako a ce hoton kanka, mako mai zuwa baƙi da fari, na gaba inuwa, na bayansa abinci, ko a ce a yi dabarar da za ta nuna mutum kamar yana shawagi a iska. Kowane ɗaya darasi ne mai kyau ga hannu, babu musu. Amma mai karatu ya lura, a cikin shekara guda an sa ɗan koyo ya taɓa abu 52, bai zauna da ko ɗaya ba. Ya zama kamar mai haƙa rijiya da ke tona gaba ɗaya a nan, gobe ya koma can ya tona wani gaban, shekara ta ƙare fili ya cika da ramuka babu ruwa. In aka jera hotunansa a ƙarshe za a ga ƙwarewa tana ƙaruwa, amma ba za a iya cewa ga abin da mutumin nan yake faɗa ba, ba kuma lalle a gane daga wane gari yake ba. Hoton inuwar kofin shayi da aka ɗauka a Kajiji da wanda aka ɗauka a Landan duk ɗaya ne.

Ayyukan da suka daɗe ana komawa gare su ba ta wannan hanya aka yi su ba. J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hoton kitson mata a 1968, ya dage a kan wannan abu ɗaya shekaru da dama har ya tara wajen hoto 1,000. Tsarinsu kusan ɗaya ne: baƙi da fari, bango fayau babu ado, sau da yawa daga ƙeya aka ɗauka, ba a ma ganin fuskar mai kitson. Wanda ya ga guda ɗaya zai ce kitso ne. Wanda ya ga ɗari zai gane cewa gini ne ake yi a kan mutum, mai ƙa'ida da suna da zamani, wanda kuma ke rushewa bayan 'yan makwanni. An nuna su a babban baje kolin fasaha na birnin Venice a 2013. Haka kuma wani Ba'amurke, Jamie Livingston, ya riƙa ɗaukar hoto ɗaya kullum da kyamarar Polaroid tun daga 1979 har ranar da ya rasu a 1997. Yawancin hotunan ba su da wani abin a zo a gani in aka ware su ɗai-ɗai, amma a jere sai ga rayuwar mutum sukutum, da abokansa da aurensa da cutar da ta zama ajalinsa. A duk biyun naci ne ya yi aiki, amma naci a wuri ɗaya.

Saurayin Kajiji kuwa ba ya bukatar wani ya aiko masa da jigo daga ƙetare, domin garinsa yana da manhajarsa tun kafin a ƙera kyamara. Malamanmu da manomanmu sun raba shekara zuwa taurari 28, bakwai ga kowane yanayi, kowane tauraro kwana 13, in ban da guda ɗaya mai kwana 14. Abin sha'awa a nan shi ne 28 sau 13 ya ba da 364, daidai da 52 sau 7. Tsawon tafiyar ɗaya ne ke nan, zangunan ne suka bambanta, kuma zangunan taurari su ne suka san abin da ke faruwa a ƙasa. In damina ta kama da su Haƙ'a da Han'a da Zira'a, ga shuka da sungumi, ga noman firi, ga maimai. In Sarfa ta shigo da kaka, ga girbi, ga ɗaurin dammuna, ga gyaran rumbu, ga sussuka da shiƙa. Da ɗari ya sauka sai aiki ya koma fadama wajen albasa da tumatir, samari kuma su ɗauki jaka su tafi cin rani kamar yadda Sakkwatawa suka saba tun kaka da kakanni, a bar gari da tsofaffi da mata da yara. Bazara ta zo da layin rijiya da sharar gona da kallon gabas. Ko mutum bai yi kome ba sai ya tsaya a gindin bishiya ɗaya a bakin gona ɗaya kowace Jumma'a, ya fuskanci wuri ɗaya ya danna, zai fito da littafin da babu irinsa.

Daɗin daɗawa, akwai shekara ta biyu da ke tafiya a cikin ta farko. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka azumi da Salla suna matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara. Jerin jigogin da aka tsara daga Janairu zuwa Disamba bai san da wannan ba. Zai iya ce wa mutum ya ɗauki hoton abincin rana a tsakiyar Ramalan, ya kuma aike shi neman inuwar kujera a makon da gari ya cika da sababbin riguna da dawaki. Ko hasken ma ba ɗaya ba ne. Darussan da ake bayarwa sun fi zancen sanyin hasken safiya da na yamma, amma ba su cika zancen hazon hunturu ba, wanda ke tace rana ya mai da dukan yini mai laushi, ya kuma shafe nesa. Ba su cika zancen babbar matsalar mai hoto a ƙasarmu ba, watau baƙar fuska a saman farar riga cikin tsakar rana, inda kyamara ke bin farin ta bar fuskar a duhu. Wannan ba sabon abu ba ne, domin kamfanin Kodak ya yi shekaru yana daidaita launin fim ɗinsa da hoton farar mace. Wanda zai koya wa saurayin nan ya jawo dattijo zuwa bakin zaure, inda haske ke shigowa a kaikaice, tsohon mai shagon hoto ne na Sakkwato ko Tambuwal, ba baƙo ba.

Sai batun zumuncin, wanda shi ne abin da mahalarta suka fi yabo, shi ne kuma na fi jin tsoro. Gaskiya ne ɗan koyo tsiro ne, in aka taka shi da wuri ba ya tashi. Gaskiya ne kuma a 52Frames an bai wa mai hoto dama ya nuna irin zafin gyaran da zai iya ɗauka. Amma duk inda aka kafa taro a kan sharaɗin daɗaɗa wa juna, yabo ne ke yin rinjaye, domin shi ne mai arha, kuma wanda ya yaba maka yau yana jiran ka biya shi gobe. In aka kawo wannan cikin jama'ar da kunya da kara suka yi wa katutu irin tamu, abin sai ya ninka. Wa zai dubi ɗan maƙwabcinsa ya ce masa hoton nan bai yi ba? Sai dai a ce ya yi kyau, Allah ya ƙara basira, a wuce. Mutum ya shekara yana shan wannan zuma, ya fito da kurakuran da ya shiga da su, sai dai yanzu ya ƙara da yarda da kansa.

Ba wai ba mu san taron masu fasaha ba ne. A farkon shekarun 1970 Mudi Sipikin ya jagoranci ƙungiyar Hikima a Kano, inda marubuta waƙa ke haɗuwa, suna kuma karanta waƙoƙinsu a gidan rediyo, ga kuma Hausa Fasaha ta su Aƙilu Aliyu. Al'ada ce ma ta marubutanmu mutum ya rufe waƙarsa da roƙon wanda ya ga kuskure ya gyara. Abin da ya sa gyara ke yiwuwa a waƙa ba tare da an ɓata zumunci ba shi ne akwai ma'auni da kowa ya yarda da shi, akwai kuma sunayen abubuwa. In kari ya karye kunne zai ji, in amsa-amo ya kauce za a nuna baitin. Laifin na baiti ne, ba na mutum ba. A nan ne nake ganin ainihin ciwon hoto a wurinmu, ciwo ne na harshe. Wanda ba shi da kalmar da zai ce ga abin da ya lalace, ba abin da ya rage masa sai ya yi kyau ko bai yi ba, na biyun kuwa zagi ne.

Kalmomin kuwa suna nan, tattara su ne ba a yi ba. Mukan ce hoto ya ƙone in haske ya cinye shi, ya yi dishi-dishi in bai fito tangaran ba, ya yi rawa in hannu ya motsa, ya dushe in ya tsufa. Maɗinkin babbar riga ya san inda aska za ta zauna da inda za a bar fili ya huta, magini mai yi wa soro ado ya san cunkoso, marini ya san baƙin da ya ƙoshi da wanda bai ƙoshi ba. Waɗannan mutane sun fi ƙarni suna tarken abin da ido ke gani da Hausa. Daga bakinsu ya kamata a ɗebo, maimakon a tsaya fassara ƙa'idodin wasu kalma da kalma. Alal misali akwai ƙa'idar da ake koya wa kowane ɗan koyo, cewa a raba fili uku a ajiye abin da ake ɗauka a gefe, kada a tsakiya. Da wannan ma'auni za a ce hoton da dattijon Kajiji ke so, watau a ɗauke shi a tsakiya, yana fuskantar kyamara, daga hula har takalmi, babu dariya, hoto ne sandararre. Alhali kuwa shi kamala yake nunawa, yana so jikansa ya gan shi yadda yake fita gaban jama'a. Keïta a tsakiya yake ajiye mutanensa, Ojeikere ma haka, ba wanda ya ce sun jahilci ƙa'ida.

Akwai kuma irin gyaran da babu mai iya yinsa sai ɗan gari. Baƙo zai yaba hasken hoton manomi ya tsaya nan. Manomi kuwa zai duba ya ce wannan riƙon garma ba na mai aiki ba ne, an tsayar da shi ne don a ɗauka, ko ya ce ka rubuta firi ga shi kuwa tsawon geron ya nuna maimai ne. Saboda haka in za a kafa irin wannan taro a Kajiji, bai kamata ya zama na masu waya kaɗai ba. A nuna wa waɗanda aka ɗauka, a ji ta bakinsu.

Wannan ya kawo mu ga wasu tarnaƙi da tsarin bai yi tanadinsu ba. Na farko izni. A biranen Turai mai hoto yakan tsaya a titi ya ɗauki wanda bai sani ba ya wuce. A garin da kowa ya san kowa, ɗaukar matar aure a hanyar rijiya ba da sanin kowa ba magana ce da za ta kai gaban hakimi. Rabin rayuwar gari kuma a cikin gida take, inda namiji baligi ba ya shiga, saboda haka muddin babu mata a cikin masu ɗauka, da yardar masu gida da ta matan kansu, to, daka da kitso da saƙar faifai da renon yara ba za su shiga lissafi ba, za a fito da shekarar maza a kira ta shekarar gari. Na biyu tsaro. A yankin da 'yan bindiga suka sa mutane zargin masu kai rahoto, saurayin da ke yawo yana ɗaukar hoton hanyoyi da garken shanu yana iya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. Ƙirgar rashin fashi ma, wadda ake alfahari da ita, ta ginu ne a kan zaton wuta da sadarwa ba sa yankewa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Wanda abin ya shafa, lissafinsa ya karye ba da laifinsa ba.

Duk da haka ina ganin aikin ya cancanci wahalarsa, saboda abin da ke cikin taskar duniya game da wannan yanki. Sunan Shagari ya shiga duniya ta dalilin Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Bayan wannan, yaushe kyamarar 'yan jarida ke zuwa? Ta zo a watan Afrilu na 2022 sa'ad da kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana fiye da 25 suka rasu, ta sake zuwa a watan Mayu na 2023 da irin wannan ya faru da yaran Dandeji. Ranar makoki ake zuwa, a ɗauka a tafi. Sauran kwanakin shekara babu mai shaidarsu. Irin wannan giɓi ne ya sa Peter DiCampo da Austin Merrill suka fara Everyday Africa a 2012, shi ne kuma ya sa Fati Abubakar, wadda ta karanci aikin jinya, ta fara Bits of Borno a Maiduguri a 2015, tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a garin da duniya ba ta san shi da kome ba sai tashin bom. Sai dai ko a nan akwai rami, domin mai gudun hoton baƙin ciki yana iya faɗawa cikin hoton murmushi zalla, wanda shi ma rabin gaskiya ne. Amfanin mako 52 a jere shi ne ba ya barin mutum ya zaɓi ranakun daɗi kaɗai. Makon da fari ya ƙone shuka dole a kawo hoto, makon da rumbu ya cika ma haka.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ajiya. Hoton da ke cikin waya kwanansa na hannun ɓarawo da ruwan sama da mai gyaran waya. Abin da ya sa ake ganin aikin Keïta yau shi ne ya adana dodannin hotunansa da kyau shekara da shekaru. Lalle ne a ƙarshen shekara a wanke hotunan nan 52 a kan takarda, a rubuta a bayan kowane ɗaya ranar da aka ɗauka da tauraron da ake ciki, da sunan wurin, da sunan aikin da ake yi da na kayan aikin yadda mutanen garin ke faɗinsu da Sakkwatancinsu, ba yadda ƙamus ya rubuta ba. Kofi ɗaya ya zauna a garin, inda waɗanda ke ciki za su iya zuwa su gani, ɗaya kuma a miƙa wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna.